Mamuda Mai Jihaz a Tudun Albasa

Mamuda taubashina ne, ɗan Kawu Abdussalami ƙanen Inna, saboda haka ina da hurumin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Tun muna yara a Sabuwar Hilla, ƙauyenmu da ke bakin kogi kudu da Mai Wurno, ban taɓa ganin yana tafiya kansa a sama ba. Kullum idonsa na ƙasa. In aka aike shi sayen gishiri sai ya dawo da lanƙwasasshiyar ƙusa da murfin kwalba da haƙorin akuya, gishirin kuwa yana can a kan teburin mai kanti. Ya sha duka a kan wannan hali har Kawu ya gaji ya sallama wa Allah.

Da ya girma sai ya zama mai gyaran injin ban ruwa, kuma in za a faɗi gaskiya hannunsa na da kyau. Manoman ayaba da albasa daga nan har kusa da Sinnar sun san shi. Ya auri Nawal, suka haifi uku, kowa ya ce to, Mamuda ya zama mutum. Ana cikin haka sai zazzaɓin zinariya ya shigo ƙasar, samari suka yi ta kwarara arewa cikin hamada. Mamuda da furfurarsa ta fara leƙowa ya ce shi ma sai ya je. Suka haɗa hannu su huɗu suka sayi na'urar nan mai gano ƙarfe a cikin ƙasa, wadda kowa a nan yake kira jihaz. Sanda ce doguwa mai faifai a ƙasa, da abin sawa a kunne. In faifan ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka.

Shekara ɗaya da wata huɗu ya yi. Ya dawo baƙi ƙirin, wuya kamar na zakara, kuma zinariyar da ya samo ba ta isa a yi wa Nawal ɗan kunne guda ba balle biyu. Da abokan tafiyar suka watse, jihaz ce ta faɗo a rabonsa. Na je yi masa barka da dawowa na tambaye shi ko raƙuman da suka ɗauko dukiyar suna baya. Ya yi dariya ya ce suna shan ruwa a Sinnar. Wannan shi ne abin haushi da Mamuda, ba ka iya ɓata masa rai ka ji daɗi.

Jihaz ta yi shekara biyu a ƙarƙashin gado. Abin da ya fito da ita zoben Nawal ne, da ya sulluɓe mata a tsakar gida wajen wanki. Mamuda ya sa batir, ya zaga yashi, cikin ɗan lokaci ya miƙa mata zobenta. Amma kafin ya kashe na'urar sai ta sake kuka a gindin katanga. Ya tona ya ciro wani tsohon kuɗi, baƙi, da rubutun Larabci da ya kusa shafewa. Nawal ta ce mini a ranar ta san ta samu zobe ta rasa miji, don ya zauna da abin nan a tafin hannu har abinci ya huce.

Daga nan kowace Juma'a da sassafe, kafin rana ta yi zafi, sai ka hango shi a tsofaffin hanyoyin shanu da mashigin jirgin kwale-kwale da inda aka taɓa cin kasuwa, yana lilo da sanda hagu da dama, kunnuwa a toshe, ko sallama ba ya ji. Mutane suka sa masa Mai Jihaz, kuma ba don yabo ba. Wasu suka ce hamada ta taɓa masa kai. Ni ma na faɗa, a gabansa kuma.

Abin da ya tara cikin shekarun nan ya cika gwangwanayen madara uku. Akwai tsofaffin kuɗi, girishi da ta'arifa na zamanin iyayenmu, da wasu masu kan sarakunan da ba mu sani ba, da riyal guda na azurfa mai hoton wata ƙatuwar mace. Ya taɓa yin wata wauta da har gobe nake tuna masa. Da ya yi niyyar kai su wurin wani mai sayen tsofaffin kaya a kasuwar Wad Madani, sai ya ga ba mutunci a kai wa mutum abu da datti. Ya zaunar da Nawal suka dirje su tas da toka da lemun tsami, yadda ake wa tukunyar biki, har suna ɗaukar ido. Mutumin ya duba ya riƙe kai, ya ce baƙin nan da suka kankare shi ne abin da ake saye. Mamuda ya kwaso kayansa ya hawo mota. Da na je jaje sai na tarar da shi yana murna wai yanzu rubutun ya fito, yana iya karanta shekarun. Bai ƙara kai wa kowa tallan ko ɗaya ba.

Waɗanda ya fi so ma ba kuɗi ba ne. Wasu 'yan faifan tagulla ne masu huji da lamba, da wani tsoho ya ce masa irin su leburori suke ratayawa a wuya a zamanin da. Yana da guda biyar. In ya fito da su sai ya karanta lambar ya yi wa mai ita addu'a, ya ce wannan mutum ne, ya yi gumi, yana da uwa, sunansa ne kawai bai zo hannunmu ba. A nan ne nakan rasa abin tsokana, sai in ce masa shayinsa ya yi sanyi.

To, sai maganar Inna ta taso. Sunanta Dije, kuma a shekarar da nake ba da labari tana da tamanin da uku. Ita kaɗai ta rage a cikin 'yan ɗakinsu, kuma ita kaɗai ta rage a ƙauyen cikin waɗanda aka haifa a Tsohuwar Hilla, wadda kogi ya cinye a shekarar babban ruwa tana yarinya. Kowa ya tashi da sanin cewa Tsohuwar Hilla tana ƙarƙashin ruwa, ba abin da ya saura. Sai ga Inna ta tsiri fita da hantsi da sandarta, ta yi tafiyar kusan rabin awa zuwa gonar wani maƙwabcinmu Musbahu, ta hau ɗan tudun da ya kafa rumfar ajiyar albasa, ta zauna. In aka tambaye ta me take yi, sai ta ce gida ta zo. Sau biyu Musbahu yana dawo mana da ita a amalanken jaki, rana ta gasa ta.

Na kira yayana Yasir, wanda yake da kantin kayan gini a Wad Madani. Ya zo ya zauna gabanta yana yi mata tambayoyi irin na likita, yau wace rana, wa ye wannan, wa ye wancan. Duk ta amsa daidai tana harararsa. Sai ya tambaye ta su nawa uwarsu ta haifa. Ta ce bakwai. Muka dubi juna. Shida muka sani tun muna yara, muna iya jera su kamar karatu: Usmanu, Muntari, Sara, Inna, Abdussalami, Lukman. Yasir ya ce ta sake ƙirgawa. Ta ce bakwai, ta juya fuska bango.

A waje ya ce mini magana ta ƙare, ruɗewar tsufa ce ta fara. Juma'a ta sama zai zo da mota ya tafi da ita. Yana da ɗaki a bene, da ƙofar ƙarfe mai makulli, ga asibiti kusa. Ba zan ɓoye ba, na goyi bayansa, don na gaji da fargaba. Amma na san abin da benen nan yake nufi ga matar da ba ta taɓa kwana inda ba ta jin kukan injin ban ruwa da ƙamshin kogi ba. Da aka gaya mata ba ta yi musu ba. Ta dai rage cin abinci, ta daina tsokanar jikoki, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo.

Ran Litinin Mamuda ya zo gaishe ta. Ina tankaɗe a bakin ƙofa ina jin su. Shi bai tambaye ta yau wace rana ba. Cewa ya yi, “Goggo, gidan nan da kike zuwa, mi ag gare shi da za a gane shi?”

Sai ta ba shi labarin da ni 'yarta ban taɓa ji ba. Ta ce ubansu ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji, da igiyar aninai a ɗaure a ƙugu, irin masu huji a tsakiya. Da ya iso nan sai ya tarar ba mai karɓarsu ko a bakin ƙwayar dabino. Ya zauna, ya yi aure, igiyar tana rataye a ɗaki. Sai uwarsu ta samar wa aninan aiki. Duk haihuwar da ta yi, in za a binne mabiyiya a bayan ɗaki, sai ta ciro anini guda a sa tare, a kife da tsingaro, wai don yaro ya san yana da ƙasa biyu. Haka aka jera su, taki guda tsakanin kowane da ɗan'uwansa, a bayan ɗakin ta wajen kogi.

“Ruwa bai ci tudun ga ba,” in ji ta. “Mutane sunka gudu, ba wanda yaw waiwaya. Ni na waiwaya.”

Mamuda ya ce ya taɓa tsintar anini sau uku a mashigin kwale-kwale, ya san muryarsa a jihaz, siririya ce ba irin gurnanin ƙusa ba. Da ya fito na tare shi na ce kada ya ƙara wa tsohuwa ruɗu, mahaukaci ɗaya ya ishe mu a dangi. Ya ce ai shi ya sa ya zo, don a samu mai fassara.

Ya je ya roƙi Musbahu. Aka yi sa'a tudun nan ruwan ban gona ba ya hawansa, shi ya sa ba a taɓa sa masa garma ba, rumfa kawai ake kafawa. Musbahu ya yarda a janye buhunan albasa gefe, shi kuma Mamuda ya duba masa injinsa da yake ta tari. Wahalar ita ce wurin cike yake da tarkace. Shekara da shekaru ana kafa rumfa ana rushewa, ƙusoshi da guntayen waya da gwangwanayen kifi sun cika ƙasa, jihaz tana ta ihu ko'ina aka sa ta. Kwana uku Mamuda ya bar aikinsa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, a gefen tudun da yake kallon kogi. Ranar Alhamis na kai masa shayi don in ga ƙarshen abin. Ya tara tsibin ƙarfe ya kai gwiwa, ba anini ko ɗaya. A ranar ban yi masa ba'a ba, don na ga fuskarsa.

Juma'a da hantsi Yasir ya iso. Ni da hannuna na haɗa wa Inna kaya, ina ninke zannuwa ina haɗiye kuka. Da ta shiga mota sai ta ce a bi da ita ta tudu ta yi sallama. Yasir, da yake kiran ta Yumma irin na Larabawa, ya ce, “Yumma, rana tana yi, hanya da nisa.” Ta ce ba ta tambaye shi nisan hanya ba. Ya juya kan mota.

Muka tarar da Mamuda a can tun asuba, ya yi futu-futu da ƙasa. Inna ta fito ta dogara sanda ta dubi ramukan da ya haƙa, ta tambaye shi abin da yake nema a wannan gefen. Ya ce ai ita ta ce ta wajen kogi. Ta yi tsaki. Ta ce a zamanin ta can kogin yake bi, ta nuna inda ayabar Musbahu take yanzu. Ta sa aka nuna mata alƙibla, ta fuskance ta, ta ce ƙofar ɗakin uwarsu tana hannun dama in an tsaya salla, don haka bayan ɗaki yana hagu.

“Kogi shina yawo, Mamuda,” ta ce. “Ka bi alƙibla.”

Wurin da ta nuna yana ƙarƙashin buhunan da aka janye. Musbahu da Mamuda suka shiga ɗagawa, Yasir yana duba agogo, daga baya kunya ta sa ya tuɓe farar rigarsa ya kama musu. Mamuda ya sa abin kunne ya fara lilo da sanda. Ya ciro ƙusa biyu da marfin tukunya. Can sai ya tsaya cak. Ya koma baya, ya sake bi, ya cire abin kunnen ya murɗa ƙarar don mu ji. Wani siririn kuka ne, tsaf, ba gargada.

Ya durƙusa ya haƙa da 'yar wuƙarsa a hankali, ya kai zurfin kamu guda, sai ga tsingaro a kife. Ya ɗaga. A ƙarƙashi akwai ɗan abu baƙi mai huji, bai fi farcen babban yatsa ba. Ya goga a hannun riga, tauraro mai tsini shida ya fito. Ya sa wa Inna a tafin hannu. Ta shafa ta ce, “Yaya Usmanu.”

Taki guda gaba jihaz ta sake kuka. Muntari. Sai Sara. Na huɗu da ya fito ta riƙe ta yi 'yar dariya ta ce wannan ita ce, ashe ta fi kyau a ƙasa. A na biyar Mamuda ya ajiye wuƙar, don na mahaifinsa ne, Kawu Abdussalami, wanda ya rasu Mamuda yana can hamada bai samu jana'iza ba. Ya zauna daɓas a ƙasa da aninin a hannu yana kuka, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko a ranar da aka fi dukansa. Can ya tashi da kansa ya ciro na Lukman.

Shida ke nan a jere a kan gefen zanen Inna. Yasir ya matso, muryarsa ta sauya, ya ce, “Halas, Yumma, gidanku ne, na yarda. Shida, tamam.” Mamuda ya kai faifan taki guda gaba. Shiru. Ya zaga hagu da dama. Shiru. Na dubi Inna, don na san a kan bakwai aka yanke mata hukunci.

Inna ba ta ko girgiza ba. Ta ce ta bakwai ba a layi take ba. Ranar da aka haife ta ruwa ya riga ya shigo bayan ɗaki, sai ungozoma ta hau sama wajen rumbu. Ta nuna da sanda, taki uku zuwa ƙoƙuwar tudun.

“Ni nir riƙe ƙwarya anka haƙa,” ta ce. “Ɗiya mace ce. Kwana ukku tay yi, ta koma ran da munka tashi. Ba a kai ga suna ba. Innarmu ba ta ƙara maganarta ba har ta mutu, mu ma an hana mu.”

Mamuda ya taka uku. Tun kafin ya gama lilo na farko jihaz ta yi kuka.

Wannan ba tsingaro a kansa, an dai tura shi cikin ƙasa da gaggawa. Da ya miƙa wa Inna aninin sai ta haɗa shi da sauran shidan, ta ƙirga su da yatsa a gabanmu, a hankali, har bakwai. Ni dai kuka nake yi ba ɓoyo, na kunya da na murna a haɗe. Yasir ya durƙusa a gabanta cikin ƙurar albasa ya ce ta yafe masa. Ta dafa kansa ta ce ba laifinsa ba ne, ba a gaya masa ba.

“Shekara saba'in da biyar ni ɗai nis san ta zo duniya,” ta ce. “Abin da ka kawo ni nan ke nan. Ina tsoron in tahi da ita. Yanzu kun sani.”

Daga nan ta ce wa Mamuda ya mayar da kowa wurinsa. Na ga yadda ya dubi na mahaifinsa, na san gwangwanin madara yana kiransa. Amma ya mayar, ɗaya bayan ɗaya, ya kife kowane da tsingaronsa. Da ya zo kan na bakwai sai ya tashi ya nemo fasasshen bakin tulu a gefen rumfa ya kife mata ita ma, ya yi addu'ar nan da yake yi wa masu lambar tagulla.

Yasir da kansa ya sauke jakar Inna daga mota. Ya koma Wad Madani da buhun albasa biyu a kujerar da ya tanadar mata. Musbahu ya matsar da rumfarsa gefe ya bar wurin fili, ya dasa ɗan dogon yaro don inuwa. Ba zan ce Inna ta koma yarinya ba, takan sa gishiri sau biyu a miya, takan kira ni da sunan Sara. Amma a ɗakinta take kwana, kuma an yi sharaɗi ba ta zuwa tudu ita kaɗai. Ranar Juma'a nake raka ta, mu tafi da shayi.

Sau da yawa mukan hango Mamuda daga can, a bakin ayaba, kai a ƙasa, yana lilo da sandarsa. Har yanzu Mai Jihaz ake ce masa, sai dai yanzu har daga Mai Wurno ake aiko masa, wata ta yar da ɗan kunne, wani yana neman inda kakansa ya kafa turke. Na ce masa shi ne mutum na farko da na sani da ya je neman zinariya ya ƙare da binne kuɗi. Ya ce in bari sai ya samo raƙuman nan tukuna.

Kwanan baya 'yar Yasir, Rania, ta zo hutu, tana tambayata dangi da Hausarta mai ɗingishi. Ta ce su Kaka su nawa ne a ɗakinsu. Kafin in buɗe baki ubanta ya amsa daga inda yake alwala, ya ce bakwai.